Dashen bogenbiliya na masu furanni a bakin titi: ya cancanci kuɗinsa?

Idan damina ta janye, yawancin furannin tsakar gida sai su yi laushi, amma bogenbiliya lokacin take fara ado, ta ci gaba har cikin hunturu. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, kuma zafin arewa bai dame ta ba. Launin ja ko shunayya da ake gani ganye ne da ya rikiɗe. Furen gaskiya ɗan ƙaramin fari ne a tsakiya.

Masu sayarwa a bakin titi suna kawo ta cikin baƙar leda, kuma dashen yakan kama. Matsalarsu biyu ce. Wasu suna cika ledar da laka mai riƙe ruwa, saiwa ta ruɓe. Wasu kuma sun bar tushen ya huda leda ya shiga ƙasa, idan aka ɗaga sai ya tsinke, ganye ya zube cikin mako guda. Ɗaga ledar ka duba gindinta kafin ka biya. Ka ɗauki wadda ta riga ta fito da launi, don alƙawarin mai sayarwa ba ya tabbatar da kala.

Wajen dasawa, yanka ledar da reza, kada ka ja ta, saiwarta ba ta son taɓi. Haɗa yashi kashi biyu da taki ruɓaɓɓe kashi ɗaya, a wurin da rana ke bugawa awa shida ko fiye. Bayan ta kama, rage ruwa, kada ka ba ta sai ƙasa ta bushe. Yawan ban ruwa da takin yuriya ganye kawai suke kawowa. Tana da ƙaya, a nisanta ta da hanyar yara.