Wane Injin MRI Ya Dace Asibiti Ya Saya?

Aikin MRI, wato injin ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, gaba ɗaya ya dogara ne a kan wata ɗabi'a da kimiyyar kwantam ta gano a ƙwayar zarrar haidurojin da ke cikin ruwan jiki. In aka sa ta cikin maganaɗisu mai ƙarfi, tana amsa igiyar rediyo a wani mita takamaimai, kimanin megahaz 42.6 a kowace tesla ɗaya (tesla ita ce ma'aunin ƙarfin maganaɗisu). Wannan amsar ce kwamfuta ke mayarwa hoto. Shi ya sa dillalai ke fara talla da yawan tesla, amma mai saye ya fara da tambayar wuta da gyara.

Mai tesla 1.5 shi ne jakin aiki: ƙwaƙwalwa, laka, ciki, gwiwa, duk yana ɗauka da kyau. Wayoyin maganaɗisunsa na zaune cikin ruwan hiliyom (wata iska da aka sanyaya har ta zama ruwa) wajen lita 1,500, a sanyin digiri 269 ƙasa da sifili. Kwamfiresa da injin sanyaya ruwa dole su yi aiki dare da rana, ko da babu mara lafiya ko ɗaya. Wuta ta ɗauke na tsawon lokaci, hiliyom sai ya fara tsiyayewa ta iska. In ya yi ƙasa sosai, maganaɗisun na iya mutuwa farat ɗaya, ya fesar da ragowar ta bututun da aka fitar waje. Sake cika shi kuɗi ne masu yawa, ga jiran a shigo da shi daga ƙetare. Wanda ba shi da janareta biyu da batirin riƙe wuta, kada ya kusanci wannan.

Mai tesla 3 ya fi fitar da ƙananan abubuwa a ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi, sai dai ya fi ɗumama jiki kusan ninki huɗu, kuma ƙarfen da aka dasa wa mutum ya fi ɓata hotonsa. Na asibitin koyarwa ne.

Sababbin da aka rufe hiliyom ɗinsu ruf sun sauya lissafi. BlueSeal na Philips, mai tesla 1.5, lita 7 kawai yake ɗauka, Magnetom Free.Max na Siemens, mai tesla 0.55, bai kai lita ɗaya ba. Ba sa buƙatar bututun fitar da iska, kuma in wuta ta daɗe babu, lokacin sake sanyaya su za a yi asara, hiliyom ɗin na nan. A garuruwa masu zafi irin Kano, Sakkwato ko Maraɗi, wannan ya cancanci ƙarin kuɗin.

Akwai kuma mai maganaɗisu na dindindin, tesla 0.2 zuwa 0.4, buɗaɗɗe, babu hiliyom sam. Yana da nauyi ƙwarai, hoton na ɗaukar lokaci, kuma in zafin ɗaki ya yi ta hawa da sauka sai hoton ya gurɓace. Don ciwon baya da gwiwa ya wadatar. Swoop na Hyperfine kuwa, mai tesla 0.064, ana tura shi har bakin gado a jona a soket, amma kan mutum kaɗai yake dubawa.

Kafin sa hannu, a tabbatar farashin ya haɗa da ɗakin da aka lulluɓe da tagulla don tare igiyoyin rediyo na waje, da na'urorin ɗaukar sigina na kai, baya, gwiwa da ciki. In na hannu ne, a nemi shekarar ƙira, yawan hiliyom da ya rage, da ranar da aka sauya kan sanyaya, wato ɓangaren da ke riƙe hiliyom a sanyi. A rubuta cikin yarjejeniya kwana nawa injiniya zai ɗauka kafin ya iso in injin ya tsaya.