RIP, PAR-CLIP, iCLIP ko eCLIP: wanne ya dace da aikinki?

Ƙanwata, kin ce kina karatu a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, kina son gano daidai inda wani furotin yake kama RNA, kin rasa wanda za ki ɗauka. To, ga bambancin.

RIP shi ne mai sauƙi: a fasa ƙwayoyin halittar, a janyo furotin da antibodi (sinadarin da ke gane furotin ɗin ya kama shi), a karanta RNA ɗin da ya biyo shi. Zai gaya miki unguwar, ba zai kai ki ƙofar gidan ba. Kuma bayan fasawar, furotin yakan cafke RNA ɗin da ba su taɓa haɗuwa a cikin ƙwaya ba.

Dangin CLIP kuwa, wato sauran hanyoyin, walda suke fara yi. Hasken UV mai nanomita 254 yana liƙe furotin da RNA ɗin da ke manne da shi tun ƙwayar tana raye, shi ya sa ake iya wankewa da gishiri mai ƙarfi ba su rabu ba. Sai a daddatsa RNA ɗin da enzayim RNase I, a narkar da furotin da proteinase K. Amma ɗan guntu yakan saura a wurin waldar, enzayim mai juya RNA zuwa cDNA, wato kwafinsa na DNA, ya zo ya yi tuntuɓe a kansa, galibi ya tsaya cak. A kan tuntuɓen nan hanyoyin suka rabu.

HITS-CLIP ta 2008 ta zubar da kwafin da suka tsaya. iCLIP ta 2010 su take nema, don inda kwafin ya yanke nan furotin ya zauna, harafi ɗaya tak. PAR-CLIP, ita ma 2010, sai an ciyar da ƙwayoyin da 4SU, sinadari mai kama da harafin U da ke shiga cikin sabon RNA, maikromola 100 na kusan awa 16, a haska da nanomita 365, sannan a nemi inda harafin T ya koma C a jerin da aka karanta. Alamar tsaf take, amma naman da ke daskare ba ya cin 4SU, sai ƙwayoyin da ake reno.

Mu dai eCLIP muke ba ki shawara, ta labon Gene Yeo a San Diyego, 2016. Ƙwayoyi miliyan 20, a ware kashi 2 cikin 100 kafin a janyo furotin a wanke, a bi da kason nan ta jel mai jera furotin bisa nauyi, a yanko shi daga tsayi guda da samfurin, daga nauyin furotin zuwa kilodalton 75 sama. Shi ne ma'aunin da ke raba kamun gaske da tarkace.

Abin da ke kashe aiki ba sunan hanya ba ne. RNase ta yi yawa, guntayen su gajarce har a kasa gane mahallinsu. Antibodi marar kyau, sai a yi ta ƙara zagayen PCR, wato ninka kwafi, ana kirga abu ɗaya sau dubu, don haka kada ki bar lambar UMI, wadda ake liƙa wa kowane guntu don a gane maimaici.

Ga kuma zafin Afrilu a Maradi. Haska UV ɗin a kan ƙanƙara, ki daskarar nan take a digiri 80 ƙasa da sifili. In wuta ta ɗauke samfurin ya narke, sake sabo, kada ki ɓata kuɗin aikawa inda za a karanta shi.