Shafin rajistar masu zaɓe na INEC da zaɓen ƙananan hukumomin Abuja: abin da na gani bayan na yi amfani da shi sau biyu

Na yi amfani da shafin intanet na rajistar masu zaɓe na hukumar INEC sau biyu, na farko a watan Agustan 2021 lokacin da na nemi a dawo da rajistata daga Zariya zuwa Gwagwalada inda aiki ya zaunar da ni, na biyu kuma a 2025 lokacin da ɗana ya cika shekara 18 muka zauna tare muka cike masa takardar neman sabuwar rajista. Abin da ya kai ni wannan shafi tun farko shi ne zaɓen ƙananan hukumomin Babban Birnin Tarayya, domin na shafe shekaru ina zaune a unguwar da ba ni da bakin magana a kan wanda zai zama kansilanta, alhali kwatar da ke ƙofar gidana da makarantar firamare da ƙaramin asibitin unguwa duk a hannun ƙaramar hukuma suke.

Mazaunin Abuja ba ya zaɓen gwamna, ba ya kuma zaɓen 'yan majalisar jiha, tunda minista ne shugaban ƙasa ke naɗawa ya riƙe birnin. Saboda haka shugaban ƙaramar hukuma da kansila su ne zaɓaɓɓun da suka fi kusa da talaka. Ƙananan hukumomin shida ne: Abaji, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da ta cikin birni wadda ake kira AMAC, kuma suna da mazaɓu 62, wato goma sha biyu a AMAC da goma-goma a sauran biyar. A jihohi hukumomin zaɓe na jiha ne ke shirya irin wannan zaɓe, kamar KANSIEC a Kano, amma a Abuja INEC ce da kanta ke gudanar da shi. Duk da haka rajistar guda ɗaya ce, domin hukumomin jihohi ma da kundin masu zaɓe na INEC suke aiki, don haka abin da zan faɗa a nan ya shafi mai zaɓe a Katsina ko Bauchi kamar yadda ya shafi na Kuje.

Sharuɗɗan cancanta ba su da yawa, kuma Dokar Zaɓe ta 2022 ta jera su a sashe na 12. Dole mutum ya kasance ɗan Najeriya, ya cika shekara 18, ya kasance yana zaune ko yana aiki a yankin da zai yi rajista ko kuma asalinsa daga can yake, ya je da ƙafarsa gaban jami'an rajista, sannan babu wata doka da ta hana shi jefa ƙuri'a. Na daɗe ina jin mutane a masallaci da kasuwa suna cewa zaɓen kansila na 'yan asalin Abuja ne, baƙo ba ruwansa. Wannan magana ba ta da tushe a doka. Bakanon da ke sayar da hatsi a kasuwar Gwagwalada yana da ƙuri'a guda kamar yadda Bagwarin da aka binne cibiyarsa a garin yake da ita, muddin sunansa yana cikin kundin rumfar da ke wannan mazaɓa. A nan ne matsalar take, domin dubban mutane suna riƙe da katin da suka yi a garuruwansu, kuma katin Zariya ba ya zaɓe a Gwagwalada.

Wannan gurbi ne shafin ya cike, kuma a ganina nan ne ya fi amfani. An buɗe shi ranar 28 ga Yunin 2021. Mutum yana buɗe asusu, ya zaɓi abin da yake bukata: sabuwar rajista, sauya rumfar zaɓe, gyaran suna ko ranar haihuwa, ko neman wani katin idan na farko ya ɓace ko ya lalace. Da na zaɓi sauya rumfa, sai na shigar da bayanan da ke jikin tsohon katina, na ɗora hoton fuskata, na zaɓi ƙaramar hukuma da mazaɓa da rumfar da ta fi kusa da gidana. Ban biya ko kwabo ba, kuma ban kwashe rabin awa ba. Wanda ya san yadda ake yi a da, lokacin da sai mutum ya rubuta takarda ya kai ofis ya yi ta sintiri yana bin sawu, zai gane girman sauƙin da aka samu. Zaɓin rumfa ma ya faɗaɗa, domin a 2021 ne hukumar ta ƙara yawan rumfunan ƙasar daga 119,974 zuwa 176,846, kuma na Abuja suka tashi daga 562 zuwa 2,822. Na sami rumfar da nake takawa da ƙafa cikin minti goma, abin da yake da muhimmanci ƙwarai a ranar da ake taƙaita zirga-zirgar ababen hawa.

Kuskuren da na fi gani a wurin jama'a shi ne sake yin sabuwar rajista maimakon neman sauyi. Mutum ya bar katinsa a ƙauye, ko ya ɓace, sai ya ga ya fi masa sauƙi ya sake shiga layi kamar bai taɓa yi ba. Dokar 2022 ta ɗauki wannan a matsayin laifi mai tarar da za ta iya kai naira 100,000 ko ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, ko duka biyun. Ko ba a kai kowa kotu ba, na'urar hukumar tana kwatanta zanen yatsu da fuskoki, kuma bayan rajistar da aka rufe a ƙarshen Yulin 2022 an soke sunaye sama da miliyan 2 da dubu 700 daga cikin sabbin da aka ɗauka. Shafin ya ware zaɓin sauyi da na sake kati a fili, kuma wannan abin yabo ne, sai dai wanda bai iya karatu ba ba zai ga wannan rarrabewa ba sai an faɗa masa.

Da muka zo kan rajistar ɗana, sai raunin tsarin ya fito. Abin da ake yi a intanet share fage ne kawai. Bayan an cike bayanai an fitar da takardar shaida, dole mai nema ya je cibiyar rajista a ɗauki zanen yatsunsa da hotonsa, idan kuwa bai je ba, to bai yi rajista ba sam. A zagayen 2021 zuwa 2022 mutum sama da miliyan 10 ne suka fara a intanet, amma waɗanda suka je suka kammala ba su kai miliyan 3 da rabi ba. Ina da yaƙinin cewa da yawa daga cikinsu sun ɗauka takardar da suka buga ita ce rajistar. Shi ya sa nake ganin ya kamata gargaɗin ya fito da manyan baƙaƙe, kuma da Hausa da sauran harsunan ƙasa, domin shafin da Turanci yake magana, alhali wanda ya fi bukatarsa shi ne ɗan acaɓa da mai shayi da matar aure da ke cikin gida.

Rashin Hausa da rashin babbar waya ne ke tura mutane shagunan kwamfuta, kuma a can ne na ga abin da bai yi mini daɗi ba. Na raka wata dattijuwa maƙwabciyarmu wani shago a unguwarmu domin a cike mata neman sauyi. Mai shagon ya karɓi kuɗi, wanda ban ga laifinsa ba tunda ya ƙona data da wuta, amma cikin gaggawa ya zaɓa mata mazaɓar da ba tata ba, bai karanta mata abin da ya rubuta ba kafin ya tura. Da na duba takardar na nuna masa, sai ya ce ai duk Gwagwalada ce. Na ce masa: "Malam, a zaɓen kansila ba duk ɗaya ba ne, Hajiya za ta zaɓi kansilan wasu mutane ne, nata kuma ta rasa." Sai da muka sake bin layin gyara. Duk wanda zai ba wani ya cike masa, ya sa a karanta masa sunan mazaɓa da na rumfa da babbar murya kafin a tura.

Akwai kuma maganar lokaci. Dokar 2022 ta ce a dakatar da rajista da neman sauyi aƙalla kwana 90 kafin zaɓe, don haka wanda ya jira sai an fara liƙa fastoci a bango ya makara. Katin ma ba a aika shi gida, ba a kuma karɓar wa wani. Mai shi ne zai je ofishin hukumar a ƙaramar hukumarsa ya karɓa da hannunsa. Shafin yana da sashen da mutum zai duba sunansa da rumfarsa, kuma ina ba da shawarar a duba kafin ranar zaɓe, musamman ga waɗanda aka raba tsohuwar rumfarsu.

Ranar 12 ga Fabrairun 2022 na jefa ƙuri'ata ta farko a Gwagwalada. Ƙa'ida ita ce a buɗe rumfa da ƙarfe 8:30 na safe a rufe layi da ƙarfe 2:30 na rana, kuma duk wanda ke kan layi a lokacin sai ya yi zaɓe. Na miƙa katina, jami'ar ta nemo sunana a na'urar tantance masu zaɓe da ake kira BVAS, ta tantance ni da fuska, aka duba sunana a kundi, aka shafa mini tawada a farce, sannan aka ba ni takardun ƙuri'a biyu, ɗaya ta shugaban ƙaramar hukuma, ɗaya ta kansila. Na shiga keɓantaccen wuri ba tare da waya ba, na dangwala, na naɗe, na jefa a gaban jama'a. Tsofaffi da masu juna biyu da masu shayarwa da masu bukata ta musamman an shigar da su gaba, kuma ban ji wanda ya yi ƙorafi ba. Masu sa ido sun ba da rahoton cewa na'urar ta yi jinkiri a rumfuna da dama a wannan rana, musamman wajen gane tsofaffin da hotonsu na kundi ya daɗe, wanda kuma dalili ne na amfani da sashen sabunta bayanai da ke shafin.

Na tsaya har aka ƙirga ƙuri'u a fili, wakilan jam'iyyu suka sa hannu a takardar sakamako, aka ɗauki hotonta domin ɗorawa a IReV, shafin da hukumar ke nuna sakamakon rumfuna. Kansila da rinjaye kawai yake ci, amma shugaban ƙaramar hukuma sai ya haɗa rinjaye da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na mazaɓu. Abin da ya dame ni a ranar shi ne ƙarancin mutanen da suka fito, har ana iya ƙirga mu da ido, alhali a irin wannan zaɓe ƙuri'u kaɗan ne ke raba mai nasara da wanda ya faɗi.

Ga mai kati da ya sauya gari, ina ba da shawarar wannan shafi ba tare da wata shakka ba, domin ya yi mini aikin da na nema, kyauta, kuma sunana ya fito a rumfar da na zaɓa. Ga sabon mai rajista kuwa, amfaninsa bai wuce rage zama a layi ba, kuma wanda ba shi da babbar waya zai iya wucewa cibiyar rajista kai tsaye a yi masa komai a zama ɗaya. Ɗana ya je an ɗauki yatsunsa kwana huɗu bayan mun cike takardar, kuma rumfarmu ɗaya da shi a zaɓen da aka tsara ranar 21 ga Fabrairun 2026.