Kiliyar mota: wacce zaka saya in lokacin bushewa ne damuwarka

Abin da yake rikita mutane in sun zo sayen kiliya, wato ruwan nan mai sheƙi da ake fesawa a saman kalar mota, shi ne kalmar "ta bushe". Mutum zai taɓa da yatsa yaji babu danƙo sai yace ai shikenan, alhali can ciki tana nan ɗanya sharaf. Bushewa daban, nuna daban. Bushewa shi ne tina, wato ruwan da yake tsinka fenti, ta fice daga sama har ƙura ta daina mannewa, wannan minti 20 zuwa 40 ma ya isa ga yawancinsu. Nuna kuma shi ne ta yi tauri har ƙasa yadda farce ba zai shiga ba, wannan kuma maganar kwanaki ake har makonni. To duk gwangwanin da ka ɗauka ka tambayi kanka wanne daga ciki suke nufi da lambar da suka rubuta a jiki, don masu talla sun fi son rubuta na farkon.

Kiliya iri biyu ce manya, 1K da 2K. Ita 1K ba a haɗa ta da komai, irin ta gwangwanin feshin nan da kake girgizawa ka fesa, iska ce kawai take busar da ita. Tana da sauƙin aiki kuma cikin rabin awa ka iya taɓawa, amma fa bata taɓa yin taurin gaske, in fetur ya zubo mata wajen bakin tanki zaka ga ta yi laushi ko ta dushe, kuma rana tana cinta da wuri. In murfin madubi ne ko wani ɗan ƙarfe da ba ya shan wahala, to ba laifi. Ƙofa ko bonet kuwa ni dai ba zan baka shawara ba.

2K ita ce wadda ake zuba mata hadina, ruwa na biyu kenan da yake sa ta tauri. Anan ba iska kaɗai ke aiki ba, sinadaran biyu ne suke kama juna su zama roba mai ƙarfi irin ta foliyuretan, shi yasa da zarar ka haɗa agogo ya fara bugawa, ko ka fesa ko baka fesa ba zata daskare a kofi. Yawanci awa 1 zuwa 4 kake da shi kafin ta yi kauri ta ƙi fita a bindigar feshi. Haɗin ya danganta da kamfani, wata 2:1 wata 4:1, kuma don Allah kada ka ƙara hadina wai don ta yi saurin bushewa, ba haka take aiki ba, ƙarin sai dai ya sa ta yi gautsi ko sheƙin ya mutu. Akwai ma 2K ta gwangwani mai maɓalli a gindi da kake dannawa hadina ta fashe a ciki, irin ta SprayMax, wannan bayan ka danna kana da kamar awa 48 kafin ta mutu, ga mai ƙaramin gyara da bashi da kwamfuresa ita ce ta fi.

Inda na fi so a tsaya shi ne hadinar kanta, don anan ne mutane suke sayen abin da zai basu kunya. Kiliya ɗaya tana iya zuwa da hadina uku, mai sauri, matsakaiciya da mai jinkiri, kuma kowa idonsa na kan mai sauri saboda mai mota yana tsaye a kansa yana cewa yau yake son abarsa. Amma duk lissafin da ke jikin takardar kamfani an yi shi ne a kan zafi digiri 20, kuma abin da masu sinadarai suka sani shi ne duk ƙarin digiri 10 kusan ninka saurin haɗuwar yake yi. Kaga kenan in wurin aikinka ya kai digiri 32 ko 35 sannan ka zuba mai sauri, saman zai rufe tun tina bata gama fita daga ƙasa ba, sai ta nemi hanya ta huda, washegari ka zo ka tarar da ƙananan ramuka kamar an tsattsaga da allura, ko kuma sheƙin da ka bari jiya kamar madubi ya koma dishi-dishi. Ni kaina ya taɓa faruwa dani a kan rufin wata mota, da rana tsaka na fesa da mai sauri, kafin in kai ƙarshen rufin farkon har ya kama, feshin da ke sauka a kai ya ƙi narkewa ya zama kamar yashi, ƙarshe sai da na sa samfefa na goge na sake daga farko, saurin da nake nema ya ci min kwana biyu. Hadina mai sauri ta lokacin sanyi ce, ƙasa da digiri 18 ko makamancin haka, ko kuma ɗan guri kamar bamba ko fenda ɗaya. In zafi ya haura 28 zuwa 30, ko mota guda zaka zagaye, mai jinkiri zaka saya, ita ce zata baka dama ka dawo inda ka fara yana da sauran danshi. Sanyi ma yana da nasa sharrin, in wuri ya sauka ƙasa da digiri 10 haɗuwar kusan tsayawa take, sai ka ga kwana biyu farce yana shiga.

Sai maganar MS da HS da ake rubutawa a gwangwani. MS ruwa-ruwa ce, tina ta yi mata yawa, sai ka yi hannu biyu zuwa uku, wato ka fesa sau biyu zuwa uku, kafin kauri ya kai, kuma tsakanin kowane hannu sai ka jira minti 5 zuwa 10. HS ta fi nama, hannu biyu ko ma ɗaya da rabi ya isa a samu kaurin da ake so, wajen maikuron 50 zuwa 60 (maikuron dubu ne milimita ɗaya). Dokar Tarayyar Turai ta 2004 da ta ƙayyade tina a fentin saman mota zuwa giram 420 a lita tana cikin abin da ya tura kamfanoni wajen HS. Ga sabon hannu MS ta fi yafiya, HS kuwa in ka cika hannu zata zubo kuma wurin da ya yi kauri ya fi ko'ina daɗewa bai nuna ba. Kauri dai abokin gaban bushewa ne ko wacce ka saya.

In kana da ɗakin gasa fenti lissafi ya canza, 2K ta yau da kullum minti 30 a digiri 60 take so, amma zafin ƙarfen motar ake nufi ba na iskar ɗakin ba, don haka sai ƙarfen ya ɗau zafi zaka fara ƙirga. Fitilar infared tana gama ƙofa ɗaya cikin kamar kwata na awa. Babu ko ɗaya? To a digiri 20 ka bar ta ta kwana, awa 12 zuwa 16 kafin a ɗaura hannun ƙofa da sauransu, folish kuma ka bari sai bayan awa 24. Akwai sababbin kiliya masu bushewa a iska cikin awa ɗaya ko ƙasa, da masu fitilar UV da suke kamawa cikin 'yan mintuna, suna da kyau ga gareji mai yawan ƙananan ayyuka amma ta farkon lokacinta a kofi gajere ne sosai, ta biyun kuma duk lungun da hasken bai kai ba ba zai nuna ba.

Kada kuma ka kwatanta da fentin da mota ta fito da shi daga masana'anta, can ana gasa gangar jikin ne a wajen digiri 140 tun babu roba babu waya a ciki, shi yasa take fitowa a nune. Ta gyara kuwa ko an gasa tana ci gaba da fitar da sauran tina, shi yasa kamfanonin fenti da yawa suke cewa a jira kwana 30 zuwa 90 kafin a shafa waks ko a liƙa leda mai kare fenti. Wanki da ruwa da hannu mai taushi bayan mako guda ba matsala, amma banda injin burushi, banda rufe ta da tamfol a kwanakin farko don zai bar shaida a jiki, kashin tsuntsu kuma a wanke shi nan take.

Kafin ka biya, ka nemi takardar bayanin kiliyar, kusan duk kamfanin kirki yana da ita a intanet, ka duba layin zafi da na hadina ka gwada da wurin da zaka yi aikin. Ka sayi kiliya da hadina na kamfani ɗaya, kuma ka girgiza gwangwanin hadinar, in ta yi kauri ko ta yi hazo to danshi ya shige ta, ajiye musu kayansu. Sannan hadinar 2K akwai aisosayanet a ciki mai jawo asma, takunkumin ƙura na takarda ba ya tare shi, wanda ake turo wa iska ta tiyo shi ne na aikin, ka sa kuɗinsa cikin lissafi tun kafin ka zaɓi 2K.