Bin layi ko ƙa'idar Johnson: wanne ya fi dacewa da shagon ɗinki?

Ɗan'uwa, ka ce kana da kekunan ɗinki huɗu da injin aikin wuya guda ɗaya, ga Sallah ta ƙarato, kaya sun taru. Kana tambaya ko a ci gaba da bin layi, ko a sake tsari.

Bin layi, wato wanda ya riga kawo yadi shi ake fara yi wa, adalcinsa a fili yake, ba mai cewa an yi masa son kai. Aibinsa ɗaya: ba ruwansa da injin da ke zaune babu aiki.

Ƙa'idar da masanin lissafi S. M. Johnson ya fitar a 1954 kuwa wannan zaman ne damuwarta. Idan matakai biyu ne, wato ɗinki sannan aikin wuya, a fara da kayan da ɗinkinsu gajere ne, a bar masu ɗan aikin wuya zuwa ƙarshe. A ce tela ɗaya ne da riguna biyu. Ta farko ɗinki awa 5, aikin wuya awa 1. Ta biyu ɗinki awa 1, aikin wuya awa 4. In aka bi layi, mai inji zai naɗe hannu awa 5 yana jira, sai a awa ta 10 a gama. In aka juya, tun bayan awa 1 inji ya kama aiki, a awa ta 7 an kammala duka. Awa 3 ke nan aka tsira da su, ba a ƙaro keke ba, ba a ƙaro yaro ba.

Sai dai Johnson na'ura ɗaya ya lissafa a kowane mataki. Da an jera kekuna a mataki guda lissafin ya rikiɗe. Wani mai bincike, Gupta, ya nuna a 1988 cewa ko na'ura biyu ne a gefe ɗaya, matsalar ta shiga sahun masu matuƙar wuyar warwarewa. Don haka a shagonka ƙa'idar jagora ce kawai, ba tabbas ba.

Ni dai ita zan ɗauka, domin injin nan guda shi ne maƙogwaron shagon, kada ya kwana da yunwa. Ka raba awannin ɗinki gida huɗu kafin ka jera kayan, ka kuma haɗa masu zare launi ɗaya don rage sauye-sauye. Amma ƙa'idar ba ta san alkawari ba. Kayan angon da za a ɗaura wa aure ranar Juma'a, cire su daga lissafi ka sa su gaba.