Sharhina kan allurar baya da aka yi mini lokacin tiyata

Da za a gyara mini karayar idon sawu, likitar kashe zafi ta ba ni zaɓi biyu: ko a sa ni barci gaba ɗaya, ko a yi mini allurar baya in zauna idona biyu. Na zaɓi ta biyun, kuma da za a sake, ita zan sake zaɓa, sai dai ba don dalilan da ake yawan faɗi ba.

Aikin kansa ba wuya. An zaunar da ni, na duƙa na rungume matashin kai, aka fara kashe fatar wurin, sannan aka soka siririyar allura a ƙasan baya, ƙasa da inda laka ta ƙare, aka zuba maganin bupivacaine cikin ruwan da ke kewaye da jijiyoyi. Nan da nan ɗumi ya bi ƙafafuna, suka yi nauyi kamar ba nawa ba. Likitar ta riƙa goga mini abu mai sanyi daga cinya zuwa ciki tana tambaya, "A nan fa, kana ji?" har ta tabbata maganin ya kai inda take so.

Zafi kam babu ko kaɗan. Amma ana jin ja da turawa, ana kuma jin ƙarar kayan aiki, wanda ba kowace zuciya ce za ta ɗauka ba. Jinina ya sauka har na ji tashin zuciya, aka ƙara mini ruwa da magani ya daidaita. Ga rawar ɗari, ga fitsari da ya ƙi fita sai bayan awoyi.

Abin da ya fi damuna ya zo ne bayan an sallame ni: ciwon kai mai tsanani idan na miƙe, da zarar na kwanta kuwa sai ya ɓace. Ruwan laka ne ke yoyo ta hujin allurar. Tsohuwar matsala ce. August Bier, likitan Jamus da ya fara wannan allura a 1898, ya gwada ta da mataimakinsa, su biyun duka sun sha wannan ciwon kan. Allurai masu bakin fensir na yanzu sun rage shi sosai, kuma idan ya ƙi tafiya ana toshe hujin da jinin mutum kansa. Nawa ya tafi da kwanciya da paracetamol, amma ya kamata a ce an ja mini kunne a kansa tun farko, ba a ambata shi a guje ba.

Masu cewa allurar baya ta fi ta barci aminci a kowane hali sun wuce gona da iri. Binciken REGAIN da aka wallafa a 2021 ya bi mutum 1,600 masu karayar ƙugu a Amurka da Kanada, kuma bayan kwana 60 bai sami bambanci a mace-mace ko iya tafiya tsakanin hanyoyin biyu ba. Ribar da ni na samu ƙarama ce amma ta gaske: ba a sa mini roba a maƙogwaro ba, kaina bai ruɗe ba, zafin ɗinki kuma bai taso ba sai da ƙafa ta farfaɗo, lokacin an riga an ba ni magani.

Wanda ke shan maganin tsinka jini, ya gaya wa likita tun kafin ranar aiki, don shi kaɗai yana iya sa a canja shiri.