Community Notes na X: gyara ne mai kyau, amma bai iso masu rubutu da Hausa ba

Ga wanda bai lura da shi ba, Community Notes shi ne ɗan bayanin nan da kan fito a ƙasan wasu rubuce-rubuce a X, wato tsohuwar Twitter, yana sanar da mai karatu cewa abin da ke sama kuskure ne, ko an yanke wani ɓangare na labarin. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren yara, don haka da idon asibiti nake auna shi. A ganina dabarar da aka gina shi a kai ta fi duk wadda na gani, amma inda muka fi buƙatarsa bai kai ba tukuna.

Ciwon da aka yi shi dominsa kowa ya san shi. Mutum zai yi tambaya a intanet, amsar da ta fi daɗin ji ita za ta hau sama, mutane su yi ta danna mata alamar so suna turawa gaba. Uwa za ta rubuta cewa jaririnta wata biyu ne, ga zafin bazara, ko ta ba shi ruwa? Nan take wata za ta ce, "Ki ba shi mana 'yar uwa, ke da kike babba ma ƙishi kike ji, balle shi. Haka iyayenmu suka raine mu." Wannan amsar ce za ta tara jama'a. Wadda ta ce a'a tana can ƙasa ba mai kulawa, wasu ma suna ce mata boko ya yi mata yawa. Alhali shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF a bayyane take: nono zalla har wata 6, ko ruwa ba a haɗawa. Fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne. Cikin jariri ɗan ƙarami ne, in ruwa ya cika shi sai ya rage kama nono, nonon uwar ma ya ragu, in kuma ruwan ba shi da tsabta sai gudawa ta biyo baya. Mu ake kawo wa yaron maɗiga ta faɗa, idanu sun zurma, mu yi ta laluben jijiya a bayan hannu ko a fatar kai don mu sa masa ƙarin ruwa, uwar tana tsaye tana hawaye. Ba mugunta ta yi ba. Tambaya ta yi, ta bi amsar da mutane suka fi yawa a kai.

Waɗanda suka yi wayo a 2014 ba su manta da daren ruwan gishiri ba. Cutar Ebola ta shigo Legas a watan Yuli, a watan Agusta saƙo ya karaɗe wayoyi cewa a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha, wai don kariya daga cutar. Kafin gari ya waye gidaje da dama sun yi. Aƙalla mutum biyu sun rasu, wasu suka kwanta a asibiti.

An ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, to Community Notes bai yarda da sarkin yawa ba, kuma nan ne ya burge ni. An fara shi a Janairun 2021 da sunan Birdwatch, aka sauya masa suna a Nuwamban 2022 bayan Elon Musk ya sayi kamfanin. Masu rubuta bayanan ba ma'aikatan kamfanin ba ne, masu amfani da dandalin ne da suka nemi shiga. Sai asusunka ya kai wata 6, ka tabbatar da lambar waya, kuma ba ka karya dokokin dandalin kwanan nan ba. Ko an ɗauke ka ba za ka fara da rubutu ba, sai ka yi ta tantance bayanan wasu, kana cewa wannan ya taimaka, wannan bai taimaka ba, har a ga hukuncinka yana dacewa. Sunan aro ake ba kowa, don kada a bi mutum da zagi.

Bayani ba ya fitowa fili don mutane da yawa sun so shi. Tsarin yana duba tarihin ƙuri'un masu tantancewa, ya gano waɗanda suka saba saɓa wa juna, sai ya jira har ɓangarorin biyu su yarda cewa bayanin yana da amfani. Kamar a ce uwargida da amarya sun ba da shaida iri ɗaya a kan magana, ka san akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Ko mutum ya tara magoya baya dubu masu ra'ayi ɗaya, ba za su iya ɗaga bayaninsu su kaɗai ba. Lissafin da ake amfani da shi kuma a buɗe yake, duk mai ilimin kwamfuta zai iya dubawa.

Na kuma ji daɗin cewa ba a goge rubutun asali. Yana nan, gyaran yana manne a ƙasansa tare da inda aka samo hujja. Wannan ya fi mini gogewa, domin mutanenmu da zarar an cire abu sai su ce gaskiya ake ɓoyewa. Wanda ya riga ya so rubutun ko ya tura shi ana iya aika masa sanarwa in gyara ya fito daga baya. A kan tsofaffin hotuna da ake jingina wa sabon rikici yana aiki sosai, tunda bayani ɗaya kan bi hoton zuwa sauran wuraren da aka sa shi.

Sai dai jiran da ya sa shi adalci shi ne kuma ya sa shi nawa. Ƙarya a sa'o'in farko take cin kasuwarta, kafin masu saɓani su daidaita an riga an karanta an wuce, gyaran ya zama ihu bayan hari. Akasarin bayanan da ake rubutawa ma ba sa taɓa fitowa. A kan batun da ya raba kan jama'a gida biyu, inda aka fi buƙatar gyara, nan ne yarjejeniya ta fi wuya.

Babban abin da ya dame ni shi ne harshe. Kafin bayani ya fito a ƙarƙashin rubutun Hausa, sai an sami mai rubuta shi da Hausa, sannan a sami isassun masu tantancewa da ke karanta Hausa, masu ra'ayi mabambanta. Ba mu da yawa a wannan aikin. Shi ya sa za ka ga rubutun Turanci da gyaransa, amma mai tallar maganin da ke warkar da ciwon suga da hawan jini da basir a kwalba ɗaya yana cin karensa babu babbaka. Ga shi kuma iyayen da nake gani a asibiti ba a X suke ba. Suna Facebook da TikTok, sun fi yawa a WhatsApp, inda shawara ke yawo a saƙon murya daga zauren dangi zuwa na 'yan unguwa, babu inda za a liƙa mata gyara. A Janairun 2025 Mark Zuckerberg, shugaban kamfanin Meta mai Facebook, ya sanar cewa Meta za ta koma irin wannan tsari a Facebook da Instagram, amma da Amurka aka fara.

Roƙona ga abokan aiki, ungozomomi da masu haɗa magunguna da likitoci da ke X: wanda asusunsa ya cika sharuɗɗa ya nemi shiga. In an ba ku damar rubutu, ku rubuta da Hausa mai sauƙi, layi biyu ko uku, ku sa hujja daga Hukumar Lafiya ta Duniya ko NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna, ko NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa, kada ku zagi mai rubutun, domin bayani mai zafin baki ba ya samun yardar ɗaya ɓangaren. Ku riƙa leƙa bayanan Hausa da ke jiran tantancewa ku ba su ƙuri'a, musamman daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da tambayar ruwan jarirai ke dawowa.